Yadda na bi diddigin ƙorafi a kan wani alƙali ana saura mako bakwai zaɓe

Ranar Juma'a 13 ga Satumba, 2024, bayan an sauko daga masallaci, wani bawan Allah ya ja ni gefe ya ce yana da labarin da bai kamata ya kwana ba. A faɗarsa, wani alƙali a gundumar da muke zaune cikin jihar Ilinoi ta Amurka ya wulaƙanta wata dattijuwa 'yar'uwarmu a gaban kotu, ya hana ta tafinta, kuma wai ya karɓi kuɗi daga hannun lauyan abokin shari'arta. Ya ƙara da cewa sunan alƙalin yana cikin waɗanda za a kaɗa wa ƙuri'a ranar 5 ga Nuwamba, saboda haka in hanzarta. Na yi aikin rediyo shekaru da dama a gida kafin in ƙaura, yanzu kuma ina rubutu a wata ƙaramar jaridar intanet da ke yi wa baƙi 'yan Afirka hidima, don haka aikin bincike ba baƙona ba ne. Duk da haka na shafe mako biyar ina zirga-zirga tsakanin ofisoshi, kuma kusan rabin wannan lokaci ya tafi ne a bakin ƙofofin da, da na san tsarin tun farko, ba zan ƙwanƙwasa ba. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ba zan ambaci sunan alƙalin ko na gundumar ba, domin mafi nauyin abin da aka zarge shi da shi bai tabbata ba, kuma dattijuwar ba ta ba ni izinin in nuna ta ba.

Wanda ya taso a Najeriya ya saba da cewa alƙali ba ya neman ƙuri'a, naɗa shi ake yi, kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce take ladabtar da shi ko ta ba da shawarar a sauke shi. A jihohi da yawa na Amurka abin ya bambanta. A Ilinoi alƙalin babbar kotun gunduma yana tsayawa takara a karon farko kamar kowane ɗan siyasa, ya yi wa'adin shekara shida. Idan wa'adin ya zo ƙarewa ba ya sake karawa da kowa: sunansa kaɗai ake sawa a takardar ƙuri'a, ba tare da jam'iyya ba, a tambayi jama'a ko a bar shi a kan kujera ko a sauke shi. Kundin tsarin mulkin jihar na 1970 ya ce sai ya samu amincewar uku cikin biyar, wato kashi 60 cikin ɗari, na waɗanda suka amsa tambayar. Da wuya alƙali ya faɗi a wannan zaɓe. A gundumar Cook, inda birnin Shikago yake, lokacin da aka sauke Matthew Coghlan a 2018 shi ne na farko tun 1990, sannan a 2020 Jackie Portman-Brown ba ta kai kashi 60 ba bayan an ga hoton bidiyo na wata ƙaramar yarinya da ta sa aka kulle a ɗakin tsare mutane na bayan kotunta. A duka biyun rahotannin 'yan jarida sun yi tasiri. Yawancin masu zaɓe ba su san alƙalan ba, ba su taɓa shiga kotunsu ba, don haka labari ɗaya tak yana iya zama iyakar abin da mutum ya sani kafin ya ce e ko a'a. Wannan shi ne nauyin da na ji a wuyana tun daren farko.

Washegari na je gidan 'yar dattijuwar, inda dattijuwar take zaune tun da aka tashe ta daga gidan haya. Na same ta a kan darduma da jakar leda cike da takardu, wasu sun yi laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, ki ba ni labarin yadda aka yi, abin da kika gani da idonki da abin da kika ji da kunnenki, wanda aka faɗa miki kuma ki ce mini faɗa miki aka yi." Ta ce, "Ɗana, ni dai na roƙi a kawo mini mai fassara, sau biyu ina roƙo, ya ɗaga mini hannu, mutane suka yi dariya. Zancen kuɗi kuwa ban gani ba, wancan malamin ne ya gaya mini." Da wannan amsa ƙorafin ya rabu uku: hana tafinta, izgili, da cin hanci. Biyun farko tana da shaidar kanta a kansu, na ukun kuwa ji ta yi. Sai ta miƙo mini waya, ta ce jikarta ta naɗi wani ɓangare na zaman a ɓoye. Na ƙi saurara, kuma na roƙe su kada su tura wa kowa, domin ɗaukar murya a cikin kotu ba tare da izini ba laifi ne da zai iya jawo wa yarinyar hukunci. Na ɗauki hoton takardar sammaci da ta hukunci, domin a jikinsu lambar shari'ar take, kuma daga baya na gane cewa babu ofishin da zai saurare ka ba tare da wannan lamba ba.

Kuskurena na farko shi ne na rubuta takardar neman bayanai a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta jihar, ina neman a ba ni duk ƙorafe-ƙorafen da aka taɓa shigarwa a kan alƙalin da kuma jerin ranakun da aka nemi tafinta a kotunsa. Na san cewa dokar ta ba hukumomi kwana biyar na aiki su amsa, sai na zauna ina ƙirga kwanaki. Amsar da ta zo layi uku ce: wannan doka ba ta shafi ɓangaren shari'a ba. Haka abin yake, a Ilinoi ba a bin kotuna da wannan doka. Mako guda ya tafi a banza.

Inda ya kamata in fara shi ne ofishin magatakardan kotu. Na je da safe, na bi layin bincike a ƙofa, na cire bel da makullai, na hau sama. Akwai kwamfutoci na jama'a da mutum zai zauna ya duba fayil kyauta, sai in yana son a buga masa ne zai biya kuɗin kowane shafi. Na buga shafi goma sha huɗu, kuɗin bai kai dala goma ba. A fayil ɗin na ga takardar ƙarar da mai gida ya shigar kan bashin haya na wata uku, na ga ranakun zama biyu, na ga umarnin tashi. A wurin da ake rubuta ko an yi amfani da tafinta babu komai. Ma'aikaciyar da ke bayan kanta ta yi mini kirki, ta bayyana mini cewa fayil yana ɗauke da takardu da umarni ne kawai, ba ya ɗauke da maganganun da aka yi. Wanda yake son ya san abin da alƙali ya faɗa da bakinsa sai ya nemi rubutaccen bayanin zaman a wani ofishi dabam, na masu naɗar maganganun kotu. Ta kuma gargaɗe ni cewa ba kowane zama ake naɗa ba, musamman a shari'un haya da ƙananan basussuka, kuma wasu fayilolin haya kotu tana rufe su gaba ɗaya. Na sauko ƙasa gabana yana faɗuwa, domin idan ba a naɗi zaman ba, abin da zai rage mini shi ne maganar Hajiya da ta alƙali, babu na uku.

A ofishin masu naɗa aka duba aka ce zaman farko, wanda bai wuce minti biyu ba, babu shi, amma na biyu na'ura ta ɗauka. Na cike fom, na rubuta lambar shari'a da rana da lambar ɗakin kotu. Aka ce farashi da shafi ake lissafa shi, kuma yana ƙaruwa gwargwadon gaggawar mai nema: wanda zai iya jiran makonni yana biyan mafi ƙanƙanta, wanda yake so cikin 'yan kwanaki yana biyan fiye da haka. Jaridarmu ba ta da kuɗi, amma lokaci ya fi kuɗin ƙaranci, sai edita ta amince na biya farashin tsakiya. Na ajiye kafin alƙalami, aka ce in saurari saƙo. Kwana tara na jira. A cikin kwanakin nan ne, ranar 26 ga Satumba, aka fara jefa ƙuri'ar wuri da aika takardun zaɓe ta gidan waya, domin dokar jihar ta ba da damar farawa ana saura kwana arba'in. Ni kuwa duk lissafina a kan 5 ga Nuwamba yake. Kowace safiya na san akwai mutanen da suka riga suka amsa tambaya a kan wannan alƙali, ni kuma ban ma san ko ina da labari ba.

A lokacin jiran ne na taimaka wa 'yar Hajiya ta fahimci hanyar kai ƙorafi a hukumance, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Hukumar da ke binciken halayen alƙalai a jihar ita ce Judicial Inquiry Board, ofishinta yana Shikago. Mambobinta tara ne: alƙalai biyu da Kotun Ƙolin jiha ke zaɓa, sai lauyoyi uku da mutum huɗu waɗanda ba lauyoyi ba da gwamna ke naɗawa. Kowa yana iya kai mata koke a rubuce, ba a biyan ko sisi, ba sai da lauya ba, kuma ba sai mutum ya zama ɗan ƙasa ba. Amma akwai abu biyu da ya wajaba a sani. Hukumar ba ta sauya hukunci; wanda yake ganin an yi masa hukunci ba daidai ba ɗaukaka ƙara zai yi, kuma kwana talatin ne wa'adin shigar da ita, wanda a shari'ar Hajiya ya riga ya wuce tun bazara. Sannan kundin tsarin mulki ya sa duk aikin hukumar ya zama sirri, sai fa in mambobi biyar sun yarda akwai dalilin gurfanar da alƙali a gaban wata hukuma ta biyu, Courts Commission, wadda ke zama a bainar jama'a kuma take da ikon tsawatarwa, dakatarwa ko sallama. Na buga waya a matsayina na ɗan jarida na tambaya ko akwai wani ƙorafi a kan alƙalin. Aka amsa mini cikin ladabi cewa ba za a iya tabbatarwa ko musantawa ba. Da farko raina ya sosu, amma da na yi tunani na ga hikimar abin: da kowace takarda da aka jefa musu tana fitowa fili, duk wanda ya sha kaye a kotu zai iya ƙirƙiro kanun labarai a kan alƙali ana jibi zaɓe. Abin da wannan ke nufi ga ɗan jarida shi ne kada ya sa rai wata hukuma za ta raba masa gardama kafin ranar ƙuri'a, kuma jimlar nan ta "an kai ƙarar alƙali gaban hukuma" ba ta tabbatar da komai face cewa wani ya aika da takarda.

Rubutaccen bayanin ya iso ranar wata Alhamis, shafi ashirin da biyu, jimillar kuɗinsa ta ɗan haura dala ɗari. Na karanta shi a mota kafin in tada inji. A shafi na uku Hajiya ta nemi tafinta da guntun Turancinta. Alƙalin ya tambaye ta wane harshe, ta ce Hausa, ya ce ba su da mai wannan harshe a ranar, ya tambaya shekara nawa ta yi a ƙasar. Da ta ce goma sha ɗaya, sai ya ce a ganinsa hakan ya isa ta fahimce shi, a ci gaba. A shafi na tara ta sake roƙo, ya ce an riga an wuce wannan magana. Daga nan zuwa ƙarshe amsoshinta ba su wuce e da a'a ba, har da wurin da aka tambaye ta ko ta amince da adadin bashin, alhali a jakar ledarta akwai rasit na wata guda da ta biya wanda ba ta samu bakin nunawa ba. Wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Tun 2014 Kotun Ƙolin Ilinoi ta kafa manufar cewa a samar wa wanda bai iya Turanci ba tafinta kyauta, a shari'ar laifi da wadda ba ta laifi ba, kuma ana iya samo tafinta ta waya ko ta bidiyo idan babu a kusa. Ƙa'idojin ɗa'ar alƙalai na jihar, waɗanda aka sabunta suka fara aiki a farkon 2023, sun wajabta wa alƙali haƙuri da mutunta masu shari'a da ba kowa damar a saurare shi. Amma dariyar da Hajiya ta ji da hannun da aka ɗaga mata babu su a takarda, domin takarda kalmomi kawai take ɗauka. Na yarda da ita a zuciyata, sai dai abin da zan iya rubutawa a matsayin tabbas shi ne abin da ke shafi na uku da na tara, sauran kuma in ce ita ce ta faɗa.

Zancen kuɗi shi ya fi sauƙin bincike, kuma shi ya fi saurin rushewa. Hukumar zaɓe ta jiha tana wallafa gudummawar da ake ba kwamitocin yaƙin neman zaɓe a shafinta, kowa yana iya dubawa kyauta. Na samu cewa lauyan mai gidan ya ba kwamitin alƙalin wata ƙaramar gudummawa shekara shida da suka wuce, a tsakiyar jerin lauyoyi da yawa da suka ba da irinta. Wannan halal ne a dokar ƙasar, ko da mutum bai ji daɗin tsarin ba, ni ma kuwa ban ji daɗinsa ba. Akwai iyaka: a 2009 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Caperton da kamfanin Massey, ta ce ya wajaba wani alƙali a Bajiniya ta Yamma ya janye daga shari'ar kamfanin da shugabansa ya kashe kimanin dala miliyan uku don a zaɓe shi. Abin da ke gabana bai kama ƙafar wannan ba. Na koma wurin bawan Allahn da ya fara kawo mini labarin na ce, "Malam, ina shaidar hancin?" Ya ce kowa ya sani. Da na matsa, sai ta bayyana cewa shi ma wannan alƙalin ya taɓa yanke masa hukuncin da bai yi masa daɗi ba a wata rigimar shago. Hakan bai sa maganarsa a kan tafinta ta zama ƙarya ba, tunda takarda ta gaskata ta, amma ya sa na daina ɗaukar gaggawarsa a matsayin tawa.

Kafin in rubuta komai na so in san ko abin da ya faru da Hajiya hali ne ko tuntuɓen rana ɗaya. Kotu a buɗe take ga kowa, sai na zauna a bencin baya na safiya uku da littafi da biro. Na ga alƙalin mutum ne mai sauri ƙwarai, ana kiran shari'u bi da bi kamar layin asibiti. Na ga ya yi haƙuri da wani tsoho mai magana da Sifaniyanci, wanda tafintansa yana nan tsaye, na kuma ga ya katse wata mata sau uku kafin ta ƙarasa jimla. Na duba hukunce-hukuncen kotun ɗaukaka ƙara, waɗanda ake wallafawa a shafin kotunan jiha, ban ga inda aka soke masa hukunci saboda tafinta ba. Ƙungiyar lauyoyin jiha tana jin ra'ayin lauyoyi a kan alƙalan da ke wajen gundumar Cook kafin kowane zaɓe, tana tambaya a kan gaskiya da sanin doka da ɗabi'a, kuma wanda kashi 65 suka ce ya cancanta shi take ba da shawarar a bar shi. Alƙalin ya haye, sai dai makinsa na ɗabi'a shi ne mafi ƙanƙanta. Wata lauya mai taimaka wa marasa ƙarfi ta nuna mini fayil na biyu, na wani mutum mai harshen da ba a cika samun tafintansa ba, inda aka ci gaba da zama ba tare da fassara ba. Fayil biyu ba su isa a ce kullum haka yake yi ba, amma sun isa a ce ba sau ɗaya ba ne.

Daga nan na nemi jin ta bakinsa. Ba a tare alƙali a farfajiya da rikoda. Na rubuta wasiƙa ta hannun ofishin babban alƙalin yankin, na aika kwafi ga kwamitin yaƙin neman zaɓensa, na jera tambayoyi biyar, na haɗa da shafukan da zan ambata, na ba shi kwana bakwai cikakku. Na kuma faɗa masa a fili cewa an zarge shi da karɓar kuɗi, na bincika ban samu hujja ba. A rana ta shida amsa ta zo daga kwamitin: ƙa'idar aiki ta taƙaita abin da alƙali zai iya faɗa a bainar jama'a a kan shari'a, amma yana ɗaukar batun tafinta da muhimmanci, kuma samun masu fassara wasu harsuna yana da wuya a gundumar. Wannan iyaka gaskiya ce, tana cikin ƙa'idojinsu, kuma ita ce ta sa alƙali ya bambanta da ɗan majalisar da zai iya kiran taron manema labarai ya kare kansa cikin awa guda.

Muhawara mafi zafi a kan lokaci aka yi ta. Bawan Allahn da ya kawo mini labarin ya yi ta kira yana cewa mu riƙe labarin sai ranar Asabar ta ƙarshe kafin zaɓe, yadda babu wanda zai samu damar mayar da martani. Wani abokin aikina kuma yana ganin a bari sai bayan zaɓe, kada a ce an saye mu. Ni da edita muka ƙi duka biyun. Riƙe labari don ya fi yin ɓarna aikin 'yan kamfe ne. Ɓoye shi kuma har a gama ƙuri'a tauye haƙƙin masu zaɓe ne, tunda wannan rana ita kaɗai ce a cikin shekara shida da doka ta tambaye su ra'ayinsu a kan alƙalin. Muka yanke cewa za mu buga da zarar ya kammala, muddin akwai aƙalla mako biyu da shi ko magoya bayansa za su iya amsawa, mu kuma mu iya gyara kuskure in an samu; idan bai kammala a kan wannan lokaci ba, sai bayan zaɓe. Wani lauya ya duba mana rubutun kyauta. Ya tuna mana cewa tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati ba ya cin ƙarar ɓata suna sai ya nuna an buga ƙarya da gangan ko kuma ba a damu da gaskiyarta ba. Sannan ya ce zancen hancin, wanda mun riga mun san ba shi da tushe, shi ne daidai abin da wannan kariya ba za ta rufe ba. Ya sa na cire kalmar wariya daga kanun labarin, domin takarda ta nuna an hana tafinta, ba ta nuna abin da ke zuciyar mutum ba.

Labarin ya fita ranar 17 ga Oktoba, da Turanci da Hausa da Faransanci, tare da hoton shafukan biyu an shafe sunan Hajiya. Kafin magariba saƙonnin murya sun cika zaurukan WhatsApp na jama'armu, ana cewa jarida ta tabbatar alƙali ya ci hanci, alhali sakin layi na huɗu ya faɗi akasin haka ƙarara. Na ji kunya, na kuma ji tsoro. A daren na naɗi saƙon murya na minti uku da Hausa, na faɗi abin da muka tabbatar da abin da ba mu tabbatar ba, na roƙi limami da shugabannin ƙungiyoyi su tura shi duk inda na farkon ya shiga. Na kuma ja kunnen waɗanda fushi ya sa suke cewa kowa ya fita ya kaɗa ƙuri'ar a'a: wanda ba ɗan ƙasa ba, ko yana da katin zama na dindindin, idan ya yi zaɓe ya aikata laifin da zai iya kai shi ga kora daga ƙasar.

Wanda irin wannan aiki ya faɗo wa, abin da zan fara ce masa shi ne ya nemi lambar shari'a, ya nufi ofishin masu naɗar maganganun kotu a ranar farko, kafin ma ya gama yanke shawarar ko akwai labari, domin wannan takarda ce ta fi komai jinkiri kuma ita ce ƙashin bayan aikin. Ya ƙirga kwanakinsa daga ranar da za a fara ƙuri'ar wuri. Ya raba ƙorafin gida-gida, ya bi kowanne shi kaɗai, domin mai kawo labari yakan haɗa abin da ya gani da abin da yake zato a ƙunshi ɗaya. Ya kuma bambanta hukuncin da bai yi wa mutane daɗi ba da rashin ɗa'a. A 1986 masu zaɓe a Kalifoniya sun sauke babbar alƙaliya Rose Bird da abokan aikinta biyu, mafi yawa saboda matsayinsu a kan hukuncin kisa. Wannan rigima ce a kan ra'ayi, kuma jama'a suna da ikon yin ta, amma ɗan jaridar da ya kira irinta rashin gaskiya ya yaudari masu karatunsa. Ga wanda abin ya shafa kai tsaye kuwa, abin da na fi so ya ji shi ne batun kwana talatin ɗin nan. Da Hajiya ta samu wanda zai gaya mata a makon da aka yanke hukunci, da an nemi alƙalin ya sake duba shari'ar ko an ɗaukaka ƙara, kuma da rasit ɗin nan ya samu mai karanta shi. Ƙorafi ga hukumar bincike, ko da ya yi nasara, ba ya mayar wa mutum da gidansa.

An bar alƙalin a kan kujerarsa, ya haura kashi 60, kuma ya fara sabon wa'adi a ranar Litinin ta farko a Disamba kamar yadda doka ta tsara. 'Yar Hajiya ta aika da kokensu a rubuce tare da kwafin shafi ashirin da biyun, an aiko musu da takardar shaidar an karɓa. A watan Janairu wani matashi ɗan Damagaram ya kira ni, ya ce an ba shi sammaci a wannan ɗakin kotun kuma Turancinsa bai nuna ba. Na ce ya je ofishin magatakarda tun kafin ranar, ya nemi tafinta a rubuce, ya riƙe kwafi mai hatimi a aljihunsa. Ranar zaman na raka shi na zauna a bencin baya. Da aka kira sunansa, ma'aikacin kotu ya jawo wayar da ke kan tebur ya danna lasifika, sai muka ji muryar wata mata daga wani gari tana yi masa sallama da Hausa, tana tambayarsa ko yana jinta sosai.